Faifan da Baba Bai Taɓa Gani Ba

Ko zakara bai gama cara ba muka tashi daga Kafanchan, ni da ƙanena, a kan babur ɗin aro mai tari kamar tsoho. Fadan Kagoma muka nufa, neman dattijon da ke haska majigi a kulob ɗin ma'aikatan reluwe zamanin Turawa.

Saboda Baba muka yi tafiyar. Akwai wani tsohon fim ɗin Ingila, fari da baƙi, da aka kashe attajiri a falonsa. Duk ran da aka haska shi, kafin a ɗora faifan ƙarshe jirgin Inugu ke busa, Baba kuwa shi ne mai sauya layin dogo, dole ya fita a guje. Har ya yi ritaya bai san wanda ya yi kisan ba, kuma ya hana kowa gaya masa, wai da idonsa zai gani. Ga shi yanzu yanar ido ta kusa rufe masa idon.

Hanya dai ruwa ya cinye ta. Fetur kuwa sai wurin 'yan bumburutu, kwalba ɗaya kuɗin kaza. A Kagoma wata mai abinci ta cika mu da gwaten acca, ta kuma nuna mana gonar cittar dattijon.

Muka same shi muka faɗi buƙatarmu, ya kai mu gida ya ɗauko gwangwanin da ya adana faifan ƙarshe a ciki. Da ya buɗe shi, sai wari mai tsami ya buge mu. Faifan ya narke, ya manne.

"Yarona, kada ka damu," in ji shi. "Wannan fim, wasan dandali ne kafin su ɗauke shi. Ni na fassara shi wa mutane har na haddace. Falo ɗaya ya isa."

Mu uku muka dawo a kan babur ɗin nan.

Da la'asar dattijon ya zaunar da Baba bakin taga, inda yake ɗan gani. Ƙanena ya zama gawa, ni ɗan sanda, Mama matar attajiri, shi dattijon kuma likita. Muna tsaka da wasa jirgi ya busa a tasha. Baba ya zabura zai miƙe. Dattijon ya dafa kafaɗarsa.

"Zauna, abokina. Yau ba kai ne a bakin aiki ba."

Da na kama hannun likita, Baba ya yi dariya har da hawaye. "Ashe shi ne! Tun can ban yarda da gashin bakinsa ba."

Na gode wa Allah, na gode wa dattijon nan. Tafiyar ta koya mini kada in ƙara jinkirta abin da tsoho ke jira. Baba dai ya gani da idonsa.