Innar da ta hana ni cewa "ga shi nan"

A wurin aikinmu, rediyo da talabijin gini ɗaya suke, kuma kowa Inna yake ce wa matar da ke share shi. Tun kafin a ɗauke ni aiki take nan, da tsintsiyarta da wani bokiti mai tsagaggen baki da ta ƙi yarda a sake mata. Shekara da shekaru gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma ta kan hanya. Yau ina jin kunyar faɗin haka.

Ni ne nake gabatar da wasan kacici-kacici na ranar Asabar a talabijin. Wanda ya ci tambayoyi sai ya zaɓi ɗaya cikin ƙofofi uku, ja da kore da rawaya, a bayan ɗaya akwai fanka ko keken ɗinki. Wata rana manaja ya kira ni, ya ce talabijin ba fili, a mai da wasan rediyo. Mako huɗu ya ba mu. In bai karɓu ba, a rufe, ni da abokan aikina uku kowa ya kama gabansa.

Na shiga da cika baki, wai ai magana ce, ni kuwa da baki nake ci. Makon farko na sha kunya. Wani ya bugo waya ya ce, "Malam, kana ta cewa kamar yadda muke gani. Ni fa ban da eriya ba abin da nake gani."

Ranar Litinin ina zaune na yi tagumi, Inna ta zo tana goge tebur.

"Ɗaga ƙafarka, ɗan nan," in ji ta. "Shekaranjiya sau goma sha tara ka ce 'ga shi nan'. Maigidana ne ya ƙirga."

Ashe mijinta tela ne, ciwon ido ya raba shi da gani shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Yana son wasan kamar me. Duk Asabar sai ta ja kujera kusa da shi, ta riƙa faɗa masa abin da ke faruwa a akwatin talabijin: wane ya yi gumi, wace ta rufe fuska, wace ƙofa aka nufa. Aikin da ya gagare ni da digirina, ita ta shekara goma sha ɗaya tana yi a ɗakinta.

Na ce, "Inna, don Allah koya mini."

Ta ajiye tsumma, ta ja ni baranda. Ta tura ƙofar sito, ƙofar ta yi wani kuka mai tsawo. Ta buɗe ta ofishin manaja, ƙas, ba hayaniya. Ta banɗaki kuwa sai da ta sa mata ƙafa.

"Ja da kore na masu ido ne," in ji ta. "Kowace ƙofa a gidan nan da muryarta. Ku ne ba ku saurare."

Ran nan mai ɗaukar sauti ya naɗi ƙarar ƙofofin ukun don wasan, maimakon ja da kore da rawaya muka sa musu suna Mai Kuka, Mai Ladabi da Mai Taurin Kai. Ta kuma hana ni cewa "yana tunani" in ɗan wasa ya yi shiru. "Faɗi abin da hannunsa ke yi. Yana murza hula ne, ko yana sosa ƙeya? Nan tsoron yake."

Mako na uku wayoyi suka ƙi hutawa. Mutane na rantsuwa cewa fankar tana bayan Mai Taurin Kai. Manaja bai taɓa sanin ƙofarsa ce Mai Ladabi ba, mu ma ba mu ga dalilin gaya masa ba. Bayan mako na huɗu ya leƙo ya ce a ci gaba. Mu huɗu muka tsira da aikinmu, kuma na san sarai albarkacin wa muka ci.

Na nemi Inna in yi mata godiya, na ce zan ambace ta a shirin kowa ya ji. Ta ce in rufa mata asiri, maƙwabta za su dame ta da neman amsa. Sai ta jingina tsintsiyar da bango.

"Ni ce da godiya," in ji ta. "Ranar Asabar na ja kujerata kamar kullum, na buɗe baki zan fara yi masa bayani. Sai ya dafa hannuna ya ce, 'Yi shiru mana, ina kallo.'"