Na Yi wa Manhajar Rubutu Ado, Ta Kasa Motsi

Na danna harafi, na zauna ina jiran ya fito. Kawu Haruna, tela a Kasuwar Umdurman ta Sudan, yana tsaye a kaina yana faɗa min wasiƙar da zai kai wa kwamitin kasuwa kafin azahar, kada a ba wani rumfarsa. Har ya kai "wassalam", allon kwamfutata bai gama "bayan gaisuwa" ba.

Laifina ne. Kwana uku na yi ina ƙawata manhajar rubutuna: hoton kogin Nilu a baya, haruffa masu ƙyalli, kowace kalma da launinta. Tsohuwar kwamfutata sai huci take kamar bas ɗin unguwar Kalakla.

"Ya waladi, ɗana, me ya same ta?"

"Ado na yi mata, Kawu."

Ya leƙa allon, ya girgiza kai. "Ni ma ina yi wa jallabiya ado, amma ina barin inda kai zai shiga."

Kafin in cire adon, batir ya mutu, ga babu wuta. Da biro na rubuta wasiƙar, ni gwanin kwamfuta.

Yanzu allona fari fat, rubutu na gudu. Wa ya taɓa yin ado har ya hana kansa aiki? Ku fito, kada ku bar ni ni kaɗai.