Adashin Magani

Cikin fari ne ya mayar da ni Gwandu. Aure ya kai ni Kalgo, amma haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, don haka da ciki ya tsufa mijina ya rako ni gida, rabi a motar 'yan kasuwa rabi a kan jaki. Lokacin Turawa ba su tafi ba, saura 'yan shekaru. Na zo da niyyar in miƙe ƙafa a lallaɓa ni, a dama mini kunu ina yatsina. Sai na tarar Inna ce ke bukatar mai lallaɓawa.

Inna mai dawo ce. Tun da babanmu ya rasu, da furar nan ta riƙe gida, kuma a unguwarmu in an ce a sayo fura ba a tambayar wurin wa. Da hannun dama take curawa, da sauri, tana hira ba ta ko duba abin da take yi. A wannan hannun ne, sama da wuyansa kaɗan, na ga wani tabo ja-ja fari-fari. A tsakiyarsa akwai ƙuna sabuwa. Na ce, "Inna, yaushe kin ka ƙone?" Ta duba wurin kamar hannun wata ne, ta ja mayafi ta rufe. Ba ta san ta ƙone ba.

Daga ni har ita mun san abin da fata marar jin wuta ke nufi. Ba mu taɓa kiran sunan kuturta a gidan ba, "abin nan" muke cewa. Kuma ba mutuwa Inna ke tsoro ba, ta sha faɗa. Yatsunta take tsoro. Wa zai sayi dawon da dungulmin hannu ya cura?

A lokacin an fara raba maganin ciwon a ɗakin magani na garinmu, sau ɗaya a mako, a bayan gini ƙarƙashin wata tsamiya. Da ƙyar na ja ta muka je. Malamin asibitin saurayi ne, siriri, mai yawan haƙuri da ƙarancin magana. Ya sa ta rufe ido, ya shafa mata auduga a tabon, ya ce ta nuna inda ta ji. Ba ta nuna ba. Sai ya buɗe kwalba, ya zaro wata 'yar ƙwaya fara wadda ba ta kai ƙwayar wake ba, ya raba ta biyu, ya mayar da rabi.

Inna ta dubi rabin, ta dube shi. "Malam, wanga shi na maganin?"

"Shi na, Inna."

"Ina sauran?"

"Mako mai zuwa. Da kaɗan aka hwarawa, jiki shi saba, sannan a ƙara."

"Har yaushe?"

"Shekara biyu, ko ukku, ko abin da Allah ya yi."

Ta ce to ya ƙulla mata na wata guda ta tafi da shi, ita mai sana'a ce. Ya ce doka ta hana, ba a fita da maganin nan, a gabansa ake haɗiyewa. Ya miƙa mata moɗar ruwa.

Ni kaina, tsakanina da Allah, raina bai kwanta ba. Maganin da muka sani ƙwarya ake cikawa da shi. Yana da ɗaci, yana murɗa ciki, ya sa gumi, ya kai mutum bayan gida har ya gaji da tafiya, a nan ne ake cewa ya shiga. Wannan kuwa ko ɗacin kirki babu. Inna za ta dawo gida ta zauna a kan turmi tana sauraron cikinta, shiru. Ta ce, "Ke wagga," don ni ce ta fari, ba ta kiran sunana, "yaron nan wasa shika yi da mu. Babban ciwo, a aiko mai ɗan tsaki?"

Na haihu lafiya, namiji. Da mijina ya zo suna, Inna ta aike ni wurinsa da saƙo, tunda ba ta iya tsayawa ta yi magana da suruki. Ta ji an ce a kasuwar Kalgo akwai mai tire da ke sayar da fararen ƙwayoyi irin waɗannan, ko nawa mutum ke so. Mijina ya ce ai an makara, 'yan doka sun kwashe tiren tun kwanaki, sun tafi da mai shi. Wasu na cewa maganin gaske ne aka sato, wasu na cewa alli ne kawai aka murza, ba wanda ya tabbatar. Na kawo wa Inna amsa, muka zauna muna juya ta. In magani ne, me ya sa ake kama mai sayar da shi kamar ɓarawon akuya? In kuma abin tsoro ne, me ya sa ake ɗura mana shi duk mako? Ba mu sami bakin zaren ba.

A layin tsamiyar nan Inna ta saba da wasu mata huɗu, ciwo ɗaya ya haɗa su. Ɗaya Bafillatana ce daga wata ruga wajen Dodoru, wadda dama ita ke kawo mana nono. A lokacin an ƙara musu, kowaccensu ƙwaya biyu take samu. Wata rana a hanyar dawowa, ina biye da jariri a baya, Inna ta tsaya ta ce musu, "Ku ji. Anini guda mi shika saye? Ba komi. Amma in munka zuba adashi, wadda tad ɗiba ai tana ganin abin kirki. To mi ad damuwa mu yi ma maganin ga hakanan?"

Sai Bafillatanar ta tafa hannu. Ni ma na ji maganar ta zauna daram. Na juya ta ta kowane gefe ban ga inda ta karye ba. Maganin dai shi ne, yawansa bai ragu ba, kowa za ta sha rabonta cif. Abin da ya sauya kawai, maimakon ya riƙa zuwa ɗis-ɗis, zai zo da ƙarfinsa ya tarar da ciwon.

Matan da suka shekara suna ajiye goro a kumatu, ɓoye ƙwaya biyu ba aiki ba ne. Malam zai ɗora musu a harshe, su kurɓi ruwa, su yi godiya, in sun sha kwana su tofa a ganye. Inna ce uwar adashi. Ni ke shanya zubin a faifai a kan danga, ina korar kaji.

Bafillatanar ce ta fara ɗiba. Da ta sake kawo nono sai ga ta ta faɗa, ido ya yi zuru-zuru, faratanta sun yi shuɗi-shuɗi kamar ta taɓa baban rini. Ta ce kwana biyu tana amai, ƙasa na juya mata, ko tatsa ba ta iya ba. Inna ta rangaɗa guɗa. "Ya kama! Barka, ƙawa, ya kama!" Matar ta yi murmushi tana dafe da bango.

Faratan nan sun ba ni tsoro, amma na rasa da wane baki zan yi magana. Ni da kaina a kwanakin ina jego, safe da yamma ake zuba mini tafasasshen ruwa da ganye, ina ihu ana ce mini lafiya ce ke shiga. In zafi alamar lafiya ne a jikina, ta yaya zai zama alamar cuta a jikinta?

Inna, don kara, ta sa kanta a ƙarshe. Wannan ne ya ɗan tsaya mini a rai. Na ce, "Inna, to makonnin ga da ba ki sha komi ba hwa? Ciwon jiranki shika yi?" Ta harare ni. "Kin taɓa jin mai adashi ya mutu da yunwa kahin ɗiba? Jiya-jiya kin ka haihu, har kin hi ni sani." Na ja bakina, don abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Haka aka koya mana, kuma haka na yarda.

Ranar ɗibarta ta yi wanka, ta yi bisimilla, ta kora tarin ƙwayoyin da kunu tun da hantsi. Kafin la'asar leɓɓanta sun yi toka-toka, numfashi na yi mata wuya, tana kiran babanmu ya zo ya ɗaure jaki. Wannan ya lafa. Bayan 'yan kwanaki sai zazzaɓi ya rufe ta, tabon ya kumbura ya yi jawur, wasu suka fito a inda babu su da. Wani azababben ciwo ya kama ta daga gwiwar hannu ya gangara har ƙaramin yatsa, ko mayafi ya taɓa wurin sai ta yi ƙara. Tana hawaye tana ce mini, "Ya kama, ke wagga. Ki ce min barka mana."

Na tsaya a kanta na rasa abin yi. In na ce barka, ƙila ina yi wa ajalinta barka. In na nemo taimako, ƙila in katse maganin yana tsakiyar aiki, kuma in tona asirin mata biyar. Tsoro ne ya yanke mini shawara, ba hankali ba. Na goya ɗana na nufi ɗakin magani.

Ban taɓa ganin Malam ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya yi salati ya sake yi. "Adashi? Da magani?" Ya biyo ni gida da jakarsa, ya duba idonta da harshenta, ya naɗe hannun da auduga ya rataye mata shi a wuya, ya ce a yi ta ba ta ruwa. Sannan ya ce an tsayar mata da ƙwayar sai ta murmure.

Nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Na ce, "Malam, yanzu da ciwon ya tashi, yanzu za a hana ta magani?"

Ya zauna a bakin ƙofa ya yi mini bayani a hankali, ya ga alamar zan yi kuka. Ya ce maganin nan so ake kullum a sami kaɗan daga cikinsa yana yawo a jini, yana cin ciwon sannu-sannu. In aka bar jini babu shi, ciwon ya huta. In aka zuba shi gaba ɗaya, jinin yake ɓatawa.

"Ashe guba na?"

"Kowane magani guba na in ya wuce kima. Shi ya sa ba a ba ku shi ku kai gida."

"To mi ya taɓa mata hannu, makonnin da ba ta sha ba, ko ranar da ta sha?"

Ya ce yana iya zama wannan, yana iya zama wancan. Ya ce kuma ciwon kan tashi haka da kansa, har ga wanda bai taɓa kuskuren sha ba, ya gani da idonsa. Na so ya yi mini ƙarya ma, ya zaɓi ɗaya, in san abin da zan riƙe. Bai yi ba, kuma na ji haushinsa ƙwarai.

Daga makon nan duk wadda ta sha sai ta wangame baki ta ɗaga harshe a gaban Malam, sa'an ɗan cikinta. Matan suka yi ta tsine wa wanda ya kai tsegumi, Inna ba ta ce musu ni ce ba. Sauran huɗun ba abin da ya same su mai ɗorewa, har Bafillatanar. Inna kuwa zazzaɓi ya sauka, kumburi ya saɓe, ciwon hannu ya tafi. Da aka kwance audugar, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe sun manne da tafi. Muka shafa man shanu, muka gasa, muka ja. Ba su miƙe ba.

Na koma Kalgo da ɗana. Inna ta ci gaba da zuwa tsamiyar nan duk mako, ba fashi, tana haɗiyewa tana ɗaga harshe. Sai da na zo haihuwa ta uku aka sallame ta. Tabon ya ɓace sarai, Malam ya ce ciwon ya mutu, ba za ta shafa wa kowa ba. Amma masu sayen fura ba su ji bayanin Malam ba, hannun suke gani. Da ɗaya da ɗaya yaran da ake aikowa da ƙwarya suka koma wani gida.

Ran da aka sallame ta muka dawo, ta sa na surfa gero na daka, wai yau ita za ta yi mana fura da kanta. Na kirɓa, na sauke mata a akushi. Ta gutsura ta sa a tafi ta murza, curin ya zame ta gefen yatsun ya faɗi ƙasa. Ta sake, ya sake faɗuwa. Ta daɗe tana kallon hannun.

"Ke da kin ka ji bayanin Malam da kunnenki," ta ce, "hwaɗa min. Ciwon ya ci su, ko ni nic ci su?"

Na ce, "Inna, wallahi ban sani ba."

Ta gyaɗa kai. Ta turo mini akushin da bayan hannu, ta ce in cura, ita za ta barbaɗa gari.