Igiyar Guga a Gonar Aro

Ranar wata Talata ce, ruwan farko ya sauka da asuba, a shekarar da kurkunu ya kwantar da babanmu. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ni ce babba a ɗakinmu, sai aka miƙa mini fartanya da igiyar guga. Mu baƙi ne a unguwar Aboabo, gonar da muke ci a ƙauyen Vittin kuwa aro ce daga wani dattijon Dagomba, Mba Zakari. Shi ya kafa turke a gefen gonarsa, ya ce shukarmu ta tashi daga nan, ta bi kunyarsa ta ƙarshe har rafi, a bar hanya tsakani wadda mai ɗauke da itace za ta wuce. Wanda ya riƙe gonar kafin mu, taku biyu ya ci na hanyar, aka karɓe gonar. Baba daga kan tabarma ya ce, "Hajara, ki jera da layinsa, amma kada layukan su gaisa."

Na auna daga kunyar dattijon zuwa turke, na ƙulla igiya, ina tafe ina awo ina sara alama. Rana ta take, na waiga, sai na ga hanyar da ta fara da faɗi ta tsuke kamar wuyan gora. Igiya ba ta ragu ba, ni ce don sauri na yi ta jan ta a karkace, maimakon in tsallaka da ita kai tsaye. Can kuma ga hular dattijon tana tahowa ta cikin itatuwan kaɗanya. Na koma turke da gudu, ina shafe saran da ƙafa, ina sake awo, masarar gidanmu ta shekara guda tana rataye a igiyar nan. Ya iso ban kai rafi ba. Sai ya shiga auna faɗin hanyar. Ya gitta sandarsa a turke, ya gitta a tsakiya, ya gitta inda na tsaya. Sannan ya sunkuya ya kama bakin igiyar, ya riƙe mini har muka kai ruwa.

Yau Vittin gidaje ne da babura. Jikata a takarda take wannan aikin na jera layi da layi, a darasin lissafi. Ta ce ana barin lambar karkatar layin farko yadda take, a sa ɗigon da aka bayar, sai lissafin sabon layi ya fito. Ban yi boko ba, amma na gane. Ita in ta kuskure, gogewa take yi. Mu a zamaninmu, da abincinmu muke ja layi.