Ranar da Na Ga Taswirata a Bangon Birmingham

Longsight

Ina idar da sallar Asuba na ɗauki jaka na fito daga gidan da nake haya a unguwar Longsight, ana yayyafi. A bakin titin Stockport Road na tarar da Nasura tana jirana cikin ƙatuwar rigar sanyi. 'Yar tsibirin Anjuwan ce a ƙasar Komoros, jami'a ɗaya muke. Ni kuwa 'yar Funtuwa ce, ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi, amma ga ni ina bincike a kan gudun ruwan mashigin Mozambik, wato tekun da ya raba Mozambik da Madagaska. Taron masana za mu je, ni ce zan yi jawabi da rana. Muka hau bas zuwa tsakiyar gari, muka kama babbar motar Birmingham.

A hanya

Mun wuce garin Stoke gari ya waye, na buɗe kwamfuta ina nuna mata aikin. Ruwan mashigin nan ba ya miƙewa kamar kogi. Juyi yake yi manya-manya, kamar ana dama fura, yana gangarawa kudu. A bakinsa na arewa tsibirai huɗu ne, uku na Komoros, ɗaya kuma, Mayot, yana hannun Faransa. Tsakanin Anjuwan da Mayot ƙanen Nasura ya ɓata, a kwalekwale mai inji, zai kai matarsa asibiti. An neme su gabas, ashe ruwa ya ja su wani wajen. Dalilin taswirata ke nan: in inji ya mutu a nan, ga inda za a nemi mutane.

Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Da ma a lokacin akwai wannan."

Birmingham

Mun shiga zauren an fara. Wani mai kwat daga kamfanin tsaron iyaka ya hau dandamali, ya danna kwamfuta, sai ga taswirata a bango. Launukan da na zaɓa, kibiyoyin da na zana, babu sunana ko a gefe. Ya ce da wannan jiragen sintiri za su san daidai inda za su tsaya su tare kwalekwalen masu tsallakawa Mayot ba takarda. Aka tafa masa!

Nasura ta riƙe hannuna ta ce, "In suka tare hanyar kusa, mutanenmu ba za su fasa ba. Ta nesa za su bi, inda ruwan ya fi mugunta."

Na miƙe na ce, "Wa ya ba ka wannan?" Shugaban zama ya duba agogo ya ce lokaci ya ƙure.

A wurin shayi na tare malamina mai duba bincikena, don shi kaɗai na ba taswirar. Ko kunya babu, ya ce bayanan na jami'a ne, kamfanin kuma zai ba mu kuɗin bincike, kamata ya yi in yi murna. Na ce, "Ranka ya daɗe, don a tsamo mutum na yi ta, ba don a farauce shi ba." Ya yi murmushi ya ce mu yi maganar a ofis.

Jawabina a ƙaramin ɗaki aka sa, yawancin kujeru wayam. Na yi rabi na tsaya, na miƙa wa Nasura makirfo. Ta faɗi sunan ƙanenta da na matarsa, ta zauna. Ba wanda ya tafa, ba kuma wanda ya tashi.

Small Heath

Hajiya Ramatu, 'yar Kumasi, ƙawar mai gidan da nake haya, ta tarbe mu a gidanta a unguwar Small Heath da wake da shinkafa da shito, miyar barkononsu mai zafi. Da ta ji labari ta buga cinya ta ce, "Kai! Kura da fatar akuya. 'Yata, ci abinci tukuna, ba a faɗa da yunwa." Na zauna na ci.

Komawa

A mota muka zauna muna juya bayanin taswirar zuwa harshen su Nasura, ina faɗa tana rubutawa, muka tura wa kawunta mai kamun kifi ya raba wa masunta. Mun sauka Longsight ana kiran Magariba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Hajiya da girkinta. Malamina kuwa, gobe kafin ya cire kwat zai tarar da ni a ƙofar ofishinsa.