Gayyar da Ba a Dafa wa Tuwo

Ko na manta komai na aikin nan, ba zan manta da ranar da Alhaji Bawa ya tsaya tsakiyar shagonsa na intanet a Kaura Namoda ya kira ni ɓarawo ba. Ku da kuke aiki da ni yanzu ba ku san nauyin kalmar a lokacin ba. Shari'a tana da zafinta. In aka ce da mutum ɓarawo, kafin a dubi fuskarsa sai an dubi hannunsa.

Ni Lawali, aji uku na sakandare na tsaya. Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, ya ji ana samu da kwamfuta, ya zuba su a shago, ya kafa farantin kamo intanet a kan rufi, ya ɗauke ni tsaro. Aikina in tada janareta, in yanka wa mutum tikitin lokaci, in zaunar da shi, in buga wa wanda bai iya ba. Gyara kuwa na wani injiniya ne da ke zuwa daga Gusau.

Akwai aikin da ba a faɗa mini ba ranar da aka ɗauke ni. Manhajar da ake shiga intanet da ita, wadda ake kira burauza, tana da wata masifa: mutum na cikin duba sakamakon jarrabawa, sai taga ta faɗo da kanta, mata tsirara. Ka rufe ɗaya, biyu su fito. 'Yan kwamitin Shari'a na unguwa sun zo sun ce in aka sake gani za a rufe shagon. Don haka na koma yawo da tawul a kafaɗa. Da na hango fata a allo, sai in jefa shi kamar mai kama kaza. Har wani dattijo daga Dauran na taɓa rufe wa kai tare da kwamfutar.

Wata rana Malam Yusha'u, wani malamin foli, wato kwalejin fasaha, da ke yawan zuwa, ya gan ni ina wannan tsalle. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Washegari ya kawo faifai, ya sa wata sabuwar burauza a kwamfutar da yake zama, ya nuna mini yadda ake sawa. Muka zauna muna jiran tagogin nan. Shiru.

Na ce, "Malam, nawa ne?"

Ya ce, "Kyauta."

Na ce, "Wa yag gina ta?"

Ya ce mutane ne barkatai a ƙasashe daban-daban, yawancinsu ba su taɓa haɗuwa ba. An bar cikinta a buɗe, duk wanda ya iya ya leƙa, ya ga inda ta lalace ya gyara, kowa ya amfana.

Na ce, "Gayya ke nan. Amma gonar wa?"

"Gonar kowa."

"To wa ka dafa tuwon gayya?"

Ya ce, "Lawali, ba tuwo."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ni ɗan ƙauyen Sakajiki ne, na san gayya. Ba fura, ba tuwo, ba makaɗi, ko ƙanenka ba ya fitowa. Su waɗannan wane irin mutane ne? Mene ne ke fito da su? Har yau ban gama ganewa ba. Amma tawul ya huta a kwamfuta ɗaya, sai na bi sauran duka na sa musu.

Alhaji ya dawo daga kasuwar Shinkafi, ya tarar injiniya ya riga shi zuwa. Shi injiniya, duk zuwan da yake yi share wannan ƙazanta ne, ga shi yau ba abin sharewa. Ya ja Alhaji gefe. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ga yana nuna sabuwar alamar da ke allo.

Alhaji ya ɗaga murya: "Kai Lawali, ina rasiɗin wannan?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, kyauta ta."

Ya ce, "Kyauta? Bature shi yi wahala shi ba ka kyauta, kai ɗan wa? A garin Shari'a za ka cika min shago da kayan sata? Ɓarawo! Hita!"

Shagon cike yake da ɗalibai. Na ga idanu sun sauka kan hannuna. Malam Yusha'u ya zo daga baya ya yi bayani, Alhaji ya ce shi ba ya jin Turancin 'yan boko. Da ma kotu ya kai ni, da alƙali ya bincika ya wanke ni. Bai kai ni ba. Ya bar ni da sunan.

Kafin labarin ya isa Sakajiki ya zama kwamfuta guda na ɗora a ka na gudu da ita. Na nemi aiki a shago biyu, aka ce sai an yi shawara. Na koma gona. Ɗana ya dawo daga makaranta da leɓe a fashe, don an kira shi ɗan ɓarawon kwamfuta.

Damina biyu na yi. Sai na raka wani ɗan'uwana Zurmi, muka shiga wani ɗan shago zai aika saƙo. Na dubi allo, ga alamar nan. Na tambayi mai shagon inda ya samo. Ya ce, "Baba, ai kowa ita shika sawa yanzu, har Shinkafi." Ya ce ta ma ƙara kyau, an yi ta gyara ta. Wato duk lokacin da nake noma da baƙin ciki, masu gayyar can ba su ajiye fartanya ba. Abin da aikin nan ya koya mini ke nan: mutanenmu sun fi yarda da abin da ya cuce su in dai sun biya, a kan abin da ya taimake su kyauta.

Ban zarce gida ba, Kaura na sauka. Na leƙa shagon Alhaji. Kowace kwamfuta da alamar. Mai tsaron ya ce injiniya ne ya sa, kuma sai da aka biya shi.

Alhaji ya hango ni daga kujerarsa. "A'a, Lawali! Kwana biyu. Wancan zance ai ya wuce. In kana son aikinka, dawo gobe."

Shagon cike yake kamar wancan karon. Ban zauna ba.

Na ce, "Alhaji, ɗayan biyu ne. In sata niy yi, to ga kayan satar nan cike da shagonka, tashi mu tai gaban alƙali ni da kai, kowa da hannunsa. In kuwa ba sata ba ta, hito bakin ƙofar nan ka faɗa, da ƙarfin muryar da kak kira ni ɓarawo. Aikinka riƙe abinka. Sunana niz zo amsa, kuma ga ni tsaye."