Tsirkiyar Gado da Muryar Kaka

Muryar kakata Hajo rawa take yi. Idan an gama cin tuwo a gidanmu na Damana, takan jawo tabarma kusa da murhu mu kewaye ta. Ni kuwa ba ni da aiki sai kwaikwayonta, ƙannena na dariya. Ran nan ta dungure mini kai ta ce, "Maigidana, tunda kunnenka ya yi kaihi, zamna ka ji ta Gado."

Gado mai goge ne, matarsa Tani ke yi masa waƙa, kuma da muryarta yake daidaita tsirkiyarsa. Da tsufa ya kama Tani, sai muryar ta fara karkarwa. Ta yi sama, Gado ya ƙara ɗaure tsirkiya. Ta yi ƙasa, ya sassauta. Haka ya yi ta bin ta har tsirkiyar ta tsinke, ga biki washegari. Ya ce wa Tani ta bar waƙa, ta ɓata masa sana'a.

Uwarsa makauniya tana jin su. "Tac ce mishi, kai wawa, bar bin rawar," in ji Kaka. "Ruhe ido Tani ta rera, ka maimaita abin da kunnenka yaj ji." Gado ya maimaita, sai ga sauti ɗaya tak, a tsakiya. A nan ya ɗaure sabuwar tsirkiya.

Sai Kaka ta ce in rera waƙar da take yi mana kullum. Na rera ta a miƙe, babu rawa ko kaɗan.

"To wa yak koya maka ita miƙe, in ba wagga murya ba?"

Kunya ta rufe ni.

Yau na daɗe ina kiran salla a unguwarmu a Filinge. Bara muryata ta fara rawa, na tsorata ƙwarai, har na yi niyyar barin aikin kafin yara su fara kwaikwayona. Sai na tuna Gado. Kunne ba ya bin hawa da sauka, tsakiya yake kamawa ya riƙe. Na ce wa matata Rabi ta maimaita mini kiran yadda take jin sa daga tsakar gida. Ta maimaita shi a miƙe.

"Malam, haka nika jin ka tun ranar da anka kawo ni."

Da la'asar ta yi, na riga kowa zuwa masallaci.